Ranar da Baba Na'am Ya Je Majalisa

A layinmu babu wanda yake kiransa da wani suna in ba Baba Na'am ba. Daga bakinsa sunan ya fito. Ka gaishe shi, ya ce "Na'am?" Ka tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce "Na'am?" yana karkato kai, idonsa a kan leɓɓanka. Ni tela ne, shagona yana jikin gidansa, bango ɗaya ya raba mu sama da shekara ashirin. Abin da zan faɗa daga bakinsa na ji shi, kuma ba ni kaɗai ba, don in Baba Na'am yana ba ka sirri, mai gawayin ƙarshen layi ma ya samu rabonsa.

Yana da shekara goma sha tara kawunsa ya kai shi kamfanin da ke buga kwanon rufi a bayan gari. Ya ce ranar da aka buɗe masa ƙofar ɗakin injina sai da ya ja da baya, ya ɗauka gini ne yake rushewa. Helma, wato shugaban layinsu, ya yi dariya, ya sa baki a kunnensa ya ce, "Sati biyu kawai, za ka saba." Ya kuwa saba. Sai bayan shekaru ya gane cewa abin da suke kira sabo, kunnen ne ya fara mutuwa.

Aikinsa shi ne tura fallen ƙarfe cikin bakin inji. Injin ya sauko ya danne shi, ya fito ta ɗaya gefen da tudu da kwari. Duk saukowa sai ƙasa ta girgiza, haka awa tara a yini. Su goma sha biyu ne a layin. Wasu suna cusa auduga a kunne, wasu tsumma, wasu ba sa sa komai don kada a ce musu raggwaye. Tunda magana ba ta yiwuwa, sai suka ƙirƙiro tasu. In mutum ya shafa haɓa, helma na tafe. In ya ɗora yatsu biyu a kafaɗa, manaja ne. Sauran kuma a leɓe suke karantawa.

"Mun sha cin naman manaja yana tsaye a tsakiyarmu," in ji shi. "Shi kuwa yana ta yi mana murmushi."

Wanda ke karɓar kwanon a ɗaya gefen injin ana ce masa Dogo. Shekara ashirin da huɗu suna fuskantar juna, ƙarfe a tsakaninsu. Ta leɓe Dogo ya gaya masa ya samu mata, ta leɓe ya gaya masa mahaifiyarsa ta rasu.

Maiɗakinsa, wadda duk layi muke kira Inna, ita ta fara lura cewa jinsa yana raguwa. Takan ce masa, "Maigida, nan fa ba kamfani ba ne. Rage murya, za ka tashi yarinya." Daga baya rediyo ya fara yi masa ƙasa-ƙasa, yana ƙara murya har maƙwabta su aiko. Daga baya ya kashe shi gaba ɗaya ya ɗora a kan kabad. Inna ta zama kunnensa. In sun je wuri takan zauna kusa da shi. In addu'a aka yi ta taɓa gwiwarsa sau ɗaya, ya ce amin. In barkwanci ne ta taɓa sau biyu, ya yi dariya. Wata rana a gidan ta'aziyya ƙuda ya sauka a wandonsa, ta kaɗe shi sau biyu, sai ya ƙyalƙyale da dariya a tsakiyar jama'a. Ya ce kwana uku ba ta iya kallonsa ba tare da ta rufe baki da mayafi ba.

Abin da ya faru da Dogo da hantsi ya faru. Hannun rigarsa ya maƙale a bakin inji. Maɓallin tsayarwa yana gefen Baba Na'am, shi kuwa ya juya baya zai ɗauko wani fallen. Dogo ya yi ihu, waɗanda ke nesa ma suka juyo. Shi bai ji ba. Sai da ya waiwayo ya ga fuskar abokinsa sannan ya doki maɓallin, a lokacin injin ya riga ya sauka sau biyu. Dogo ya rasa hannun dama daga wuyan hannu.

An yi bincike, aka rubuta cewa sakacin ma'aikata ne. Babu wanda ya duba kunnen kowa. A asibiti Dogo ya dube shi daga kan gado, ya motsa baki a hankali don ya karanta: "Ba laifinka ba ne." Da aka sallame shi ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu, ba su sake haɗuwa ba. Shi kuma Baba Na'am aka mayar da shi sito yana jera kaya, ya yi shekara bakwai a can, sannan aka sallame shi da takardar yabo da agogon bango mai bugawa duk awa.

Shekara uku bayan haka Inna ta rasu. Da la'asar ne. Yana tsakar gida yana gyara hannun bokiti, ita tana ɗaki. Ni na tafi kasuwa sayen zare, shago a rufe. Da ya gama ya ɗauki bokitin ya shiga don ya nuna mata, sai ya same ta kwance tsakanin gado da ƙofa. Likita ya ce zuciya ce, ko yana kusa da ita ba abin da zai iya yi. Baba Na'am ya karanta hakan a takarda, ya gyaɗa kai. Amma sau da yawa yakan ce mini, "Tela, ban sani ba ko ta kira ni. Shi ne kawai abin."

'Yarsu ɗaya ce, tana aure a wani gari mai nisa. Ta zo ta ɗauke shi, ya yi wata biyu a can ya dawo. Ya ce ba a rage shi da komai ba, amma in an zauna cin abinci sai ya ga bakuna suna motsi, kowa ya yi dariya. In ya tambaya sai a ce, "Ba komai, Baba," a ci gaba. Gara ya zauna shi kaɗai a ɗakin da ya san babu mai magana.

Tun daga nan ya zama ɗan bencin shagona. Yakan zo da safe ya zauna, ya ce yana jin motsin kekena ta cikin katako. Mutane in sun zo wucewa sai su ɗaga masa hannu su ƙara sauri. Ba ƙiyayya ba ce, gajiya ce, don hira da shi aiki ne. Ni ma ba zan wanke kaina ba. Akwai ranakun da nake duƙar da kai a kan ɗinki don kada mu haɗa ido ya fara labari.

Wata ranar Talata wata mata ta shigo layin da jaka cike da takardu tana tambayar gidansa. Sakatariyar ƙungiyar ma'aikata ce, ita ma ta taɓa aiki a masaƙa. Ta zo da shirinta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna a gabansa inda haske ke faɗa wa fuskarta, ta fito da littafi da biro. Abin da ya kasa karantawa a bakinta sai ta rubuta da manyan baƙaƙe.

Ta ce masa dokar da ke kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki ta girmi yawancin masu aikin. Ta yi maganar gobara, ta yi maganar tsani da tukunyar tururi, amma ko kalma ɗaya babu a kan ƙara. Yanzu an kai ƙudiri majalisa don a gyara. Ana so a sa iyaka ga ƙarar injina, a tilasta wa kamfanoni ba da marfin kunne, a riƙa gwada kunnen ma'aikata duk shekara. Akwai kuma wani sashe na waɗanda aikin ya riga ya kurumtar, a kula da su. Kwamitin majalisa zai zauna ya saurari mutane, ƙungiya tana so ya je ya yi magana.

Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "'Yata, ni da ba na ji, ni za a je a ji?"

Ta rubuta: "Shi ya sa, Baba."

Na ɗinka masa sabuwar riga, fara, na goge ta sau biyu. Suka kama hanyar babban birni, awa shida a mota.

Ya ce abin da ya fara ba shi mamaki a ginin majalisa shi ne darduma. Duk inda ka taka laushi. Shi da ƙafa yake sanin motsin mutane, a can kuwa ƙafarsa ma ta kurumce. Ɗakin kwamitin yana da dogon tebur, da ruwan roba a gaban kowa, da sanyin na'ura har cikin ƙashi. Kafin a zo kansa, wakilin masu kamfanoni ya yi magana, wani likita ya yi, wani lauya ya yi. Shi dai yana zaune yana kallon bakuna. Aka ba shi minti biyar.

Aka turo masa makirufo, ya buɗe baki da muryarsa ta ɗakin injina. Lasifikoki suka yi ƙara, mutane suka kai hannu kunne, wasu suka sunkuyar da kai suna dariya. Ya gani, ya tsaya. Sakatariya ta ce ta ɗauka zai zauna ke nan. Sai ya ce, "Ku yi haƙuri, ban san yadda muryata take ba. Na ga kun toshe kunne. Mu hannuwanmu suna kan ƙarfe, ba mu da na toshewa."

Shugabar kwamitin ta yi nuni a kashe makirufon. Ya ci gaba da bakinsa kawai, kuma muryarsa ta cika ɗakin. Ya faɗi ranar farko da maganar helma. Ya faɗi auduga da tsumma. Ya faɗi labarin Dogo daga farko har ƙarshe, bai rage nasa ɓangaren ba. Na Inna ne bai faɗa ba. Ya ce mini wannan ba na majalisa ba ne.

Wani ɗan majalisa mai tabarau ya yi tambaya, sakatariya ta rubuta masa: tsufa ma yana kawo kurumta, ta yaya ya san injin ne?

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "mu goma sha biyu ne a layin. Bakwai sun riga mu gidan gaskiya. Cikin waɗanda suka rage, huɗu muna gari ɗaya, in mun haɗu babu mai jin wani. Mahaifina manomi ne, ya haura tamanin yana jin kukan ɗan tsako a bayan gida."

Mai tabarau ya rubuta wani abu, bai ƙara tambaya ba. Aka yi masa godiya, aka kira na gaba.

Bayan sati uku aka sa ranar muhawara a zauren majalisa. Wannan karon ba wanda ya gayyace shi. Sakatariya ma ta aiko cewa kada ya wahalar da kansa, za ta sanar da shi yadda aka yi. Na ba shi saƙon, ya ninke ya sa a aljihu. Washegari na ga ƙofarsa da kwaɗo. Ya tafi shi kaɗai, ya sauka wurin ɗan wani ɗan'uwansa, ya yi kwana biyu yana zuwa majalisa kamar ma'aikaci.

Masu kallo a bene suke zama. Ranar farko akwai ɗaliban wata makaranta da malamarsu, suka yi awa ɗaya suka tafi. Ya rage shi da wani ɗan jarida da ke can ƙarshen layi yana danna waya. Daga sama kawuna kawai kake gani, da huluna da ɗankwalaye, kuma rabin kujerun babu kowa. Wanda ya tashi magana in ya ba shi baya, shi ke nan. In ya fuskanto shi kuma nisa ya yi yawa, sai ya tsinci kalma ɗaya ya rasa goma.

Sakatariya tana ƙasa tana tare 'yan majalisa a hanya. Da ta hango shi a bene ta riƙe baki, sannan ta hau. Ba ta yi masa faɗa ba. Daga lokacin takan hawo jifa-jifa ta miƙa masa 'yar takarda ta sake sauka. Har yanzu takardun suna nan, ya nuna mini.

"Suna cewa ƙananan kamfanoni za su rufe."

"Matar nan likita ce, tana tare da mu."

"Mai tabarau ya ce shi ma ɗan mai walda ne, ba ya ƙin dokar, amma a mazaɓarsa dubban mutane a ƙananan shaguna suke ci."

"Suna so a jinkirta shekara uku."

A rana ta biyu, yana zaune ya ɗora haɓa a kan ƙarfen bene, sai ya ga likitar nan ta tashi, ta yi magana, ta ɗaga hannu ta nuna sama. Gaba ɗaya kawunan suka juyo. Fuskoki sun fi ɗari suna kallonsa, hannuwa suna dukan tebur. Ya miƙe tsaye don bai san me zai yi ba. Ya ɗaga hannu, ya sauke. Kafin ya yanke shawarar zama ko tsayuwa, sun riga sun juya sun koma kan takardunsu. Ya ce ya fi minti ɗaya a tsaye babu mai kallonsa.

Mutum biyu ne kawai ya iya karanta bakinsu sosai a duk zaman, don suna kujerun gefe suna fuskantarsa. Ya zura musu ido yana fatan ya san inda aka kwana. Ɗayan yana tambayar ɗayan ƙarfe nawa jirginsu zai tashi.

Da yamma aka zo ƙuri'a, sashe bayan sashe, kuma da baki ake yi. Shugaban majalisa ya yi tambaya, wasu bakuna su buɗe. Ya sake tambaya, wasu su buɗe. Sai ya buga guduma. Baba Na'am yana ganin bakunan, amma wane ɓangare ne ya fi ƙarfi, wannan sai mai kunne. Haka aka yi ta yi har sau tara. Sannan kowa ya miƙe, aka fara tattara takardu ana gaisawa. Ɗan jarida ya fita. Shi yana nan zaune, bai san ko an ci ko an faɗi ba, har wani mai gadi ya zo ya taɓa kafaɗarsa ya nuna masa ƙofa.

A kan matakala ya haɗu da sakatariya tana hawowa, idanunta sun yi ja. Ta jingina littafin da bango ta rubuta. Gyaran ya wuce. Marfin kunne dole, gwaji duk shekara dole, amma ga kamfanin da ke da ma'aikata sama da hamsin, kuma sai bayan shekara biyu za a fara. Ta ɗan tsaya, sannan ta ƙara layi ɗaya: an cire sashen tsofaffin ma'aikata.

Ya karanta sau uku.

"To ai waɗanda ke ciki sun samu," in ji shi.

Ta motsa baki: "Baba, ka yi haƙuri. Mun yi iya ƙoƙarinmu."

"Na gani. Tun safe kike hawa da sauka. 'Yata, kin ci abinci kuwa?"

Ta ce mini daga baya a nan ne ta kasa riƙe hawayen.

Da ya dawo, labari ya riga shi zuwa, don wani ya ji an ambaci tsohon ma'aikacin kamfanin kwano a rediyo. Kwana biyu mutane suna tsayawa a bakin shago suna ba shi hannu. Mai gawayi ya ce daga yau sunansa Ɗan Majalisa. A kwana na uku kowa ya koma harkarsa. 'Yarsa ta bugo waya ta wurina, na gaya mata duka, ta ce in ce masa tana alfahari da shi. Na rubuta masa. Ya tambaye ni, "Muryarta lafiya?" Na ce lafiya lau.

Shekara biyun suka cika. A babban asibitin gari aka buɗe ɗakin gwajin kunne saboda sabuwar dokar. Bai gaya wa kowa ba, ya shirya ya tafi da sassafe. Ya tarar da layin ma'aikata cikin kayan aikinsu, kowa da takardar kamfaninsa a hannu, suna ta tsokanar juna. Ya bi layi. Da aka zo kansa nas ta nemi takarda, ya ce ba shi da ita, ya bar aiki da daɗewa. Ta yi masa bayani cewa gwajin na masu aiki ne yanzu. Ya kalli bakinta har ta gama, ya gode mata, ya juya. Sai ta riƙo hannun rigarsa. Ta leƙa waje, ta dawo, ta buɗe masa ƙofa.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai kujera ɗaya, bangonsa da katifa, da tagar gilashi. Ta ɗora masa wani abu a kunnuwa, ta ba shi maɓalli, ta nuna masa ya danna duk lokacin da ya ji sauti. Ta rufe ƙofa. Ya zauna yana kallonta ta gilashi tana murɗa na'ura, tana ɗago kai, tana sake murɗawa. Minti goma. Sau ɗaya ya danna, kuma ya ce har yau bai tabbata ba ko ji ya yi ko so ya yi ya ji.

Ta ba shi takarda mai layuka biyu da suka gangaro ƙasa, ja da shuɗi. Ta rubuta a bayanta sunan wani ofis da zai iya zuwa ko za a dace da na'urar kunne, amma ta gaya masa gaskiya cewa a yadda jijiyar take, da wuya ta yi masa amfani.

Da azahar ya dawo, hadari ya haɗu. Ya tsaya a bakin shago bai zauna ba, ya miƙa mini takardar. Na juya ta sama da ƙasa, ban gane komai ba, na mayar masa.

"Mutum arba'in da wani abu na ƙirga a layin," in ji shi. "Dukansu masu ƙuruciya. Wani ya fito yana dariya, an ce kunnensa kalau."

Na ɗaga masa babban yatsa.

"Ɗakin nan kuwa, Tela, in aka rufe ƙofa, kowa ya zama ni. Na ga wani ƙato ya fito yana share gumi, minti goma kacal."

Yanzu shekararsa saba'in da ɗaya, yana nan a gidan shi kaɗai, yana dafa wa kansa, yana wanke wa kansa. A ranar dai ya mayar da takardar aljihu. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ga ruwa na shirin sauka, ya ce ya bar shanya a igiya, ya shiga gida.